CINIKIN SHANU TA WAYA: WA KE DA HASARA IN KAYA YA SAƁA DA HOTO?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata rigima da muka zauna a kanta kwanan baya a nan Garwa, tsakanin mutum biyu waɗanda dukansu namu ne, kuma ba za mu ambaci sunan kowa ba.

Wani ɗan uwa da ke Yola ya sayi bijimai 12 a hannun wani da ke cin kasuwar Adumri, ba tare da ya taka ƙafarsa can ba. An ɗauko masa hotonsu mai motsi aka aika ta WhatsApp, ya taya, aka yi albarka, ya ƙara, aka sallama, nan take ya tura kuɗi duka. Da shanu suka iso sai ya tarar biyu suna tari, ɗaya kuma ya rantse ba shi ne jan bijimin da ya gani a hoto ba. Mai sayarwa ya ce shi lafiya lau ya sallame su, wahalar hanya ce, kuma ai ciniki ya riga ya faɗa. Mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Magana ta kai har sun daina gaisawa, alhali iyayensu ma tare suka yi fatauci.

Irin wannan ciniki ya yawaita ne tun da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ga kuma annobar korona a 2020. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sai tura kuɗi ta waya ya zama dole ga wanda da can bai yarda da shi ba. A wannan ɓangare kuwa da ma ga Orange Money da MTN Mobile Money. Ba mu kaɗai ba ne, yaran gari masu sayen kayan gyaran babur ko tsofaffin kayan jita daga Duwala ta Facebook kullum cikin wannan rikici suke. Sai dai su ƙarfe da katako suke saye. Mu kuwa rai muke saye, wanda yake ramewa, yake kamuwa da ciwo, yake mutuwa a hanya.

To, malamanmu ba su bar wannan babi ba, ko da yake ba su ga wayar hannu ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makaranta ya san an halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki, muddin an siffanta shi. Wato a faɗi irinsa, da shekarunsa, da girmansa, da lafiyarsa. A ganinmu hoton waya siffa ce, bai kai gani da ido ba. Hoto ba ya buɗe bakin sa ka ƙirga haƙora, ba ya barin ka dafa ƙirji ka ji numfashi, ba ya nuna ranar da aka ɗauke shi. Mai wayo kuma ya san in ya durƙusa ya ɗauko sa daga ƙasa, ɗan maraƙi ma sai ya koma Gudali.

Abin da ke biyo bayan wannan shi ne wurin da yawancinmu ke tuntuɓe. Risala ta nuna ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓi kayan da aka saya bisa siffa, sai in wurin yana kusa, ko kuwa abin ba mai saurin canzawa ba ne, kamar gida ko gona ko itace. Dabba kuwa ba ta cikin waɗannan. Dalilin a fili yake: in kaya ya zo daidai, kuɗin ya zama farashi, in bai zo daidai ba ya zama kamar rance ne ka ba mutum, kuma ba ka san wanne ne ba ranar da ka biya. Mu kuwa yau mai sayarwa cewa yake sai ya ga saƙon shigar kuɗi kafin shanu su motsa. Mun san dalilinsa, shi ma an sha cinye shi. Amma mafitar tana hannunmu tun zamanin kakanni, wato a ajiye kuɗi wurin maigidan da duka biyu suka amince da shi, kada ya saki sai kaya ya isa an duba. La'adarsa ba ta kai kuɗin kofaton sa ɗaya da za a yi hasara ba.

Sai maganar wanda hasara ke kansa a hanya. A Muhtasar na Shehu Halil, abin da aka saya ba a wurin ba, in ba gida ko fili ba ne, yana wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa in sun yi wani sharaɗi daban. Saboda haka tambayar farko da muka yi wa mutanen nan biyu ita ce: yaran da suka koro shanun, na wane ne? In mai saye ne ya aiko su, to hannunsu hannunsa ne, ya karɓi kaya tun a Adumri. In kuwa mai sayarwa ne ya ɗauke su, shanu nasa ne har ranar da suka shiga hannun mai saye. A wannan rigima sai ya kasance ba wanda ya yi wannan magana tun farko. Kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya gane.

Game da aibi, hukuncin sananne ne. Wanda ya sayi dabba ya tarar da tsohon aibi wanda ba a gaya masa ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe ta haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon aibi mai girma ya same ta a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ta ragu a wurinsa. Cewar mai sayarwa "na sayar yadda take" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Wahalar tana wajen gane tsoho da sabo. Kirci ko gurgunta ido yana gani. Ciwon huhu kuwa yakan yi makonni, har watanni, a jikin sa kafin ya bayyana, ta yiwu mai sayarwa shi kansa bai sani ba. Nan sai an kira likitan dabbobi, kuma nan ne takardar rigakafi da ta izinin wucewa suke da rana. Ga LANAVET nan a Bokle kusa da mu, inda ake yin allurar rigakafin, amma har yanzu akwai masu ganin neman takarda ɓata lokaci ne.

Kada kuma mai saye ya ɗauka komai nasa ne. In kaya ya zo daidai da siffa, ciniki ya lizimce shi. Tun da naira ta faɗi a watan Yuni na 2023 mun ga mutanen da suka sayi shanu da sefa, kafin su iso lissafi ya juya, sai su shiga laluben aibin da babu. Wannan ba aibin sa ba ne, aibin kasuwa ne, kuma mai saye ne zai haɗiye shi. Wanda yake son ƙofar fita sai ya nemi zaɓi tun wajen ciniki. Malamai sun ba da kamar kwana 3 ga dabba.

Ta fuskar hukuma, Kamaru tana da dokar ciniki ta intanet tun Disamba 2010, kuma tana cikin ƙasashen OHADA tare da Cadi da Nijar. A dokar OHADA ta ciniki tsakanin 'yan kasuwa, aibin da ke bayyane sai an sanar da mai sayarwa cikin wata ɗaya da karɓar kaya, in ba haka ba haƙƙi ya faɗi. Amma Nijeriya ba ta ciki, kuma wanda ya taɓa bin shari'a a ƙetaren iyaka ya san kafin a gama kuɗin bijimi ya ƙare a mota da masauki.

Yadda muka raba su kuwa, da aka bincika sai aka gane yaran mai sayarwa ne suka koro shanun har iyaka. Jan bijimin nan aka sa hoto kusa da shi, aka dubi ƙaho da tsagar kunne, sai ga shi ba shi ba ne. Mai sayarwa ya ce yara ne suka musanya a garke, ya karɓi abinsa ya mayar da kuɗi. Masu tarin nan biyu likita ya ce ciwon ya girmi tafiyar, sai mai saye ya zaɓi ya riƙe su a rage masa, mai sayarwa ya yarda. Kuɗin ciyawa da na likita aka raba biyu. Saura 9 ba wanda ya yi magana a kansu, an riga an loda su zuwa kudu.