Farin magi da katin hoto: me ya sa Nvidia ya ɗage fitar da RTX 3070?

A farkon watan Oktoban 2020 kamfanin Nvidia na Amurka ya sanar da ɗage ranar fitar da katin sarrafa hoto samfurin RTX 3070 daga 15 zuwa 29 ga watan, yana mai cewa so yake ya tara kaya kafin a buɗe kasuwa. Bai daɗe da shan kunya ba. A ranar 17 ga Satumba, RTX 3080, wanda aka yanka wa farashin dala 699, ya ƙare ƙarƙaf cikin mintuna, da yawansa a hannun 'yan sari masu amfani da manhajar saye, waɗanda suka juya suka sayar da tsada. Makonni biyun da aka ƙara ba su hana sabon katin ƙarewa a ranar farko ba.

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke ɗaukar nauyin wasannin bidiyo da tace fim da zanen gine-gine. Nvidia tsara shi kawai yake yi, ba shi da masana'antar ƙera cip ko ɗaya. Samsung na Koriya ta Kudu ne ya ƙera cip ɗin waɗannan katunan, ma'adanar bayanan RTX 3080 kuwa, wato GDDR6X, kamfanin Micron ne kaɗai ke yin ta. Idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, sai sauran su zauna jira.

Akwai kuma wani ƙulli da ba a cika lura da shi ba. Ba a manna cip kai tsaye a jikin kati. Ana ɗora shi ne a kan wani ɗan faifai mai hawa-hawa, wanda ake raba layukan wutarsa da wata siririyar leda mai suna ABF. Kusan duk ledar da duniya ke amfani da ita daga kamfanin Ajinomoto na Japan take fitowa, wato dai masu farin magin da ake jefawa a miya. Kamfanonin da ke mayar da ita faifai, irin su Ibiden na Japan da Unimicron na Taiwan, ba su da yawa, kuma sun yi shekaru suna ɗari-ɗari da faɗaɗa aiki saboda ribar ba ta taka kara ta karya ba. Da annobar korona ta zaunar da mutane a gida aka yi rububin sayen kwamfuta, sai aka tarar da su ba shiri.

AMD ma bai tsira ba. Katunansa na RX 6800 da suka fito a Nuwamba suna layi ɗaya ne a masana'antar TSMC ta Taiwan da cip ɗin PlayStation 5 da sabon Xbox. Masu haƙar kuɗin Ethereum kuma suka riƙa kwashe abin da ya samu.

Ƙarancin cip ya kai har ga masana'antun motoci, abin da ya sa gwamnatoci suka farga cewa tattalin arzikinsu ya rataya ne a wuyan wasu 'yan masana'antu a gabashin Asiya, mafi girmansu a tsibirin da China ke iƙirarin nata ne. A Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 don ƙera cip a Amurka. Saukin farashin kati kuwa ta wata hanya ya zo: darajar kuɗin kirifto ta faɗi a shekarar, sannan a watan Satumba Ethereum ya daina dogaro da haƙa, masu haƙar suka zube katunansu a kasuwar kwance.