Ko Kun Sani? Bindigar Hawan Sallah da Dokar 1959

Ko kun san cewa bindigar da ke girgiza ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah tana da nata gurbin a dokar ƙasa? Ita ce harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. 'Yan bindigar Sarki albarushi kaɗai suke zubawa, don ƙara da hayaƙi ake nema.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta da ta wasan harbi, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigogin yaƙi da fistol kuwa an haramta su, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba shi lasisi.

Saboda haka a Zariya, mai sha'awar harbin nishaɗi da bindiga mai sake ɗura kanta bayan kowane harbi, tambayarsa ta farko ita ce a wane gida doka ta sa ta. Maganar inganci tana baya. Ita ma harba-ka-ruga ba abar rainawa ba ce: bututun da ya yi tsatsa, ko albarushin da ya wuce kima, yana iya fashewa a hannun mai ita.