Katin Da Zai Bi Ma'aikaci Daga Ƙofa Zuwa Ƙofa

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman yana zuwa muku yau daga Bilbalogo, tsakiyar birnin Wagadugu, kusa da fadar Mogho Naba. Za mu yi magana a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin kwangila: masu walda, masu haɗa wayar lantarki, makanikai, direbobin tanki, da leburorin da ake ɗauka wata uku ko shida a sallama. Safiya tana yi sun nufi masana'antun Kosodo, ko ma'ajiyar mai ta SONABHY da ke Bingo. Wasu kuma mota ce take kwashe su zuwa ma'adinai, sai bayan makonni iyali su sake ganinsu.

Tun shekarar 2009 zinariya ta ture auduga a kayan da Burkina Faso take sayarwa waje. Ma'adinin zinariya na Esakan ya fara aiki a 2010, na Hunde a 2017, na Sanbrado a 2020, na Bombore a 2022. Wanda ya taɓa shiga irin waɗannan wurare ya san cewa ba duk mai hular kwano ne ma'aikacin mai ma'adinin ba. Haƙa, fasa dutse, jigila, gyaran injuna, gadi, har dafa abinci, yawanci kamfanonin kwangila ne suke riƙe da su, wani lokaci ma ɗan kwangilar ya sake yanka wa wani ƙarami. Ma'aikacin da ke can ƙasan wannan tsani shi ne ya fi kusa da wuta da ƙarfe da rami, kuma shi ne ya fi kowa canza wurin aiki.

Duk inda ya je, sai ya zauna horon shiga. A nuna masa hotuna a bango, a karanta masa dokoki da Faransanci, ya sa hannu a takarda, a rataya masa kati. Kwangila ta ƙare, kati ya mutu. Gobe in ya samu aiki a wani kamfani, karatu ya koma farko, kamar bai taɓa ganin igiyar ɗaure ƙugu ba. Kamfani ya yi asarar kwanaki, ma'aikaci ya yi asarar ladan kwanakin jira. Abin da ya fi damuna ma shi ne, maganar da aka maimaita wa mutum sau biyar cikin gaggawa takan zama kiɗan da kunne ya saba da shi, ya daina ji. A wani gefen kuma akwai ƙananan wuraren aiki da ba sa horar da kowa, suna fakewa da cewa ai yaron ya yi aiki a babban kamfani, ya san komai.

(Kiɗa kaɗan)

Wasu ƙasashe sun riga mu shan wannan ɗaci. Ranar 23 ga Oktoba 1989, masana'antar roba ta kamfanin Phillips da ke Pasadena a jihar Texas ta Amurka ta yi bindiga ana tsakiyar aikin gyara da ɗan kwangila yake yi. Mutum 23 suka rasu, fiye da 300 suka jikkata. Binciken da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa aka yi bayan haka ya nuna cewa ma'aikatan kwangila ba sa samun horon kariya kamar na 'yan gida. A 1992 aka fitar da doka mai ɗora wa mai masana'anta da ɗan kwangila alhaki tare. Cibiyoyin horo na yankin kuma suka haɗu a ƙungiya ɗaya mai suna ARSC, suka amince da darasi guda. Wanda ya ci jarrabawarsa a wata cibiya, sauran za su karɓa, ana sabunta shi duk shekara.

Holan da Beljiyam suna da nasu mai suna VCA, wanda ya faro a 1994, takardarsa tana aiki shekara 10. A Faransa, ma'aikacin kwangila ba ya shiga masana'antar sinadarai ko matatar mai sai da shaidar da suke kira N1, ta kwana ɗaya, shugaban ayari kuma N2, ta kwana biyu. Suna kuma da tsarin MASE da ke tantance kamfanin kwangilar kansa, kuma wannan tsari ya riga ya iso Abijan da Dakar. Masu sauraronmu na Najeriya sun san horon BOSIET, wanda babu mai hawa jirgin zuwa rijiyar mai ta teku sai da shi. Takardar da aka karɓa a Fatakwal ana girmama ta a Abadin ta Sikotilan, tsawon shekara huɗu.

Mu mutanen zango bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kakanninmu fatake da suka ratsa ƙasar Mosi zuwa Salaga neman goro ba sa sake gabatar da kansu daga tushe a kowane masauki. Mai gida na wannan zango ya shaidi mutum, mai gida na gaba ya karɓi shaidar, ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a bashi. Amma shaidar tana da nauyi ne domin mai bayar da ita ya san cewa in ya shaidi maƙaryaci, sunansa ne zai zube daga Kano har Gwanja. Katin horo ma haka yake. In wanda ya buga masa hatimi ba ya tsoron komai, katin roba ne kawai.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu bari mu je Perkowa, a lardin Sangiye, domin a nan ne maganar take da zafi. Ranar Asabar 16 ga Afrilu 2022, tsakiyar azumi, lokacin da ba a saba ganin babban ruwa ba, sama ta buɗe a kan ma'adinin tutiya na kamfanin Trevali na Kanada. Ruwa ya cika ramin sama, ya gangara cikin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Mutum takwas suka maƙale: 'yan Burkina shida, ɗan Tanzaniya ɗaya, ɗan Zambiya ɗaya. Aikin haƙar ƙarƙashin ƙasa yana hannun ɗan kwangila, kamfanin Byrnecut. Wata guda cur ƙasa tana addu'a, ana zuƙe ruwa dare da rana, ana fatan sun kai ɗakin mafaka da aka tanada can ƙasa. Ranar 17 ga Mayu aka buɗe ɗakin, babu kowa. Daga baya aka fito da gawawwakinsu duka. A watan Satumba kotun Kudugu ta sami shugabanni biyu da laifin kisa ba da niyya ba, ɗaya na mai ma'adinin, ɗaya na ɗan kwangilar, ta yanke musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 24 da wata 12. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ba na cewa kati zai tare ruwan Perkowa. Madatsa, magudana, ƙararrawar gargaɗi da shawarar fito da mutane kan lokaci, duk aikin masu kamfani ne, kuma shi ya sa kotu ta kama na sama. Ina kawo Perkowa ne domin in ja kunne: duk ranar da za a yi katin bai ɗaya a ƙasar nan, kada ya zama garkuwar da shugabanni za su ɓuya a bayanta, su ce ai mun horar da shi, ga sa hannunsa. Kati zai ɗauke maimaita abin da yake iri ɗaya a ko'ina: yadda ake kashe inji a kulle shi kafin a sa hannu, aiki a sama, shiga tanki ko rami marar iska, takardar izinin yin walda kusa da mai, da 'yancin ma'aikaci ya ce wannan aiki da hatsari, ba zan ci gaba ba. Lokacin da aka rage daga nan sai a zuba shi a abin da ya keɓanta da wurin: ina hanyar gudu, ina mafaka, wa ake kira, wace ƙara ce take nufin a bar komai a fita. Wannan kam ba a koyonsa a aji a Wagadugu, sai an taka wurin da ƙafa.

Kayan aikin samar da irin wannan kati a ƙasar nan suna nan. Dokar ƙwadago ta 2008 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin kare lafiyar ma'aikatansa, ta kuma wajabta kwamitin tsaro da lafiya a wurin da ke da ma'aikata 30 ko fiye. Hukumar inshorar ma'aikata ta CNSS tana da sashen rigakafin hatsarin aiki, ga ofishin lafiyar ma'aikata na OST, ga majalisar kamfanonin ma'adinai da ke tara manyan a teburi ɗaya. Su ne za su iya zama da ƙungiyoyin ƙwadago su amince da darasi guda, jarrabawa guda, da rajista guda wadda mai gadi a ƙofa zai duba ta waya, domin kati marar rajista, kafin wata ya zagayo za ka same shi ana buga na jabu a bakin kasuwa.

Abu biyu ne nake roƙon kada a sassauta a kansu. Na farko kuɗi. Matashin da ke neman aikin wata uku bai kamata ya ci bashi ya sayi damar tsayawa a layi ba. Kamfanonin da za su huta da maimaita horo su ne ya dace su biya. Na biyu harshe. Gyaran tsarin mulki da aka yi a ƙarshen 2023 ya ba harsunan ƙasa matsayin harsunan hukuma. To, a fara da inda rai yake a kai. A koyar da Mosanci, da Julanci, da Fulatanci, da Hausa ga masu jin ta, a yi jarrabawa da baki da kuma gwaji a aikace, mutum ya ɗaura igiyar a gaban malami, ya kulle injin da hannunsa. Akwai masu walda a unguwannin nan da suka fi shekara 20 suna sana'a, ba su taɓa zama aji ba. Jarrabawar rubutu da Faransanci za ta zubar da su, ta wuce da wanda ya iya karatu amma bai taɓa riƙe ƙarfe mai zafi ba.

Kai kuma ɗan'uwa da za ka shiga mota jibi zuwa sabon wurin aiki, ka adana kwafin duk takardar horon da aka taɓa ba ka, ka ɗauki hotonta a waya. Ka tambaya ko an yi maka rajista a CNSS, ka karɓi lambarka. Ranar farko kuma, kafin ka taɓa kowane inji, ka sa a nuna maka hanyar fita da idonka.



(Kiɗan rufe shiri)