Lissafin taurari: ƙidayar manomi da makiyayi

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, damina gajera ce. Wanda ya yi shuka da wuri yakan yi asarar iri. Wanda ya makara, ruwa yakan ɗauke gero bai nuna ba. Shi ya sa sanin lokaci ya zama tilas.

Watannin Musulunci su ne ke nuna azumi da salla. Amma shekararsu kwana 354 ce, tana ja da baya da kwana 11 kowace shekara. Ba a tsayar da ranar shuka da ita. Don haka malamai suke riƙe da lissafi na biyu, wato na taurari. Taurarin 28 ne. Kowane yana da kwana 13, sai Jabha mai kwana 14. In an haɗa, kwana 365 ke nan. Bakwai daga cikinsu na damina ne: Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, Sarfa, Iwa da Simak. Nasara tana shiga a watan Yuli.

Irin wannan dabara ba a nan kaɗai take ba. A Meziko, ƙasar da masara ta samo asali, an yi wasu mutane da ake kira Aztek. Su ma lissafi biyu gare su. Na farko na addininsu ne, sunansa tonalpohualli, wato ƙidayar kwanaki. Suna da sunan rana 20, kamar Kada, Iska, Gida, Ruwa da Kare. Suna haɗa sunayen da lamba 1 zuwa 13, ya ba da kwana 260. In an yi haihuwa, masana ke duba ranar kafin a raɗa suna. Na biyu shi ne shekarar rana: wata 18, kowane kwana 20, da ƙarin kwana 5.

Lissafin biyu ba sa komawa mafari tare sai bayan shekara 52. A daren bikin sukan kashe wuta duka, su zuba ido ga taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da ƴaƴanta. In sun ratsa tsakiyar sama, sai a hura sabuwar wuta. An yi bikin na ƙarshe a 1507. Sojojin Sifen sun ci babban birninsu a 1521.

Abin lura, lissafi lokaci yake nunawa, ruwa kuwa na Allah ne. A 1973 da 1984 taurari sun shiga a kan ƙa'ida, amma fari ya halaka gonaki da dabbobi. Saboda haka manomi ya tambayi malami tauraron da ake ciki, sa'an nan ya tona ƙasa ya ga zurfin laima kafin ya zuba iri. Ya kuma ajiye wani irin don maimai. Makiyayi ya ƙirga saura kwana nawa Simak ta fita, ya shirya dawowa rijiya. Wanda ya koyi karatu ya rubuta ranar kowane ruwa da tauraronsa. Baɗi takardar za ta yi amfani.