Kwance Tsofaffin Rijiyoyin Mai na Teku: Lissafin da Zai Iso Har Jalingo

JALINGO — Ɗan kasuwar da ke unguwar Sarkin Dawaki ba shi ganin teku, amma cinikinsa na rataye da abin da ke faruwa a can. Jihar Taraba ta dogara ƙwarai da kason da take samu daga asusun tarayya, kuma man fetur na cikin manyan ginshiƙan wannan asusu. In kason ya ragu, albashi da kuɗin 'yan kwangila su makara, kasuwa ta yi sanyi.

Tun cikin 1965 aka fara haƙo mai daga tekun Nijeriya, a filin Okan. Dandamalan ƙarfe da bututun da aka kafa a shekarun farko sun tsufa, kuma duk rijiyar da ta ƙafe dole ne a toshe ta da siminti, a kwance ƙarafan, a kai su tudu. Aiki ne mai cin kuɗi wanda ba ya kawo ko ganga ɗaya.

Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kowane kamfani ya buɗe asusu na musamman domin wannan aiki, yana zuba kuɗi a kowace shekara, kuma hukumar NUPRC ta fitar da ƙa'idojinsa a 2023. To amma ana cire wannan kuɗi kafin a lissafa haraji. Wato gwargwadon tsadar aikin, gwargwadon raguwar abin da za a raba wa jihohi.

Batun ya ƙara nauyi tun da manyan kamfanonin waje suka shiga sayar da kadarorinsu. A Disamba 2024 Seplat ya kammala sayen reshen ExxonMobil mai aiki a gaɓar teku. Wanda ya sayi tsohuwar rijiya, ya gaji ɗawainiyar rufe ta.

Turai ta riga ta ɗanɗana. A 1995 Shell ya shirya nutsar da Brent Spar, wata katafariyar ma'ajiyar mai, a Tekun Atlantika. Ƙungiyar Greenpeace ta mamaye ta, masu motoci a Jamus suka ƙaurace wa gidajen man kamfanin, ya janye. A 1998 ƙasashen yankin suka haramta zubar da irin waɗannan gine-gine a teku, sai ƙalilan masu tsananin nauyi. Daga baya Birtaniya ta ga cewa rage tsadar aikin ya fi ƙarfin kamfani guda, don haka a 2019 aka buɗe cibiyar bincike ta ƙasa a Newburgh, da haɗin gwiwar Jami'ar Aberdeen da masana'antu da gwamnati, inda ake gwada hanyoyin toshe rijiya da yanka ƙarfe a ƙarƙashin ruwa.

Nijeriya na da tubalin yin haka: Asusun PTDF, da Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mai ta Effurun, da jami'o'i. Abin da ake bukata shi ne a haɗa su da kamfanoni a kan bincike guda da ya dace da ruwanmu. In an yi haka, aikin walda da sufuri da cinikin tsofaffin ƙarafa, wanda 'yan Arewa suka daɗe a cikinsa, zai tsaya a gida.

Darasin ya shafi Arewa kai tsaye. A Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, maƙwabtan Taraba. Ranar da aka fasa rijiya, ranar ce ya kamata a fara tanadin kuɗin rufe ta.