Jinin Jarirai da Maganin Sikila

Iyaye mata da suka yi renon mai sikila, a Manawashi ko wata unguwa ta Gombe, sun san yadda abin yake farawa. Jariri ya yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata shida hannuwa da ƙafafu su kumbura, kuka ya ƙi ƙarewa. Me ya kare shi kafin nan? Tun a 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai ba su cika lanƙwashewa kamar lauje ba, ta kuma danganta hakan da irin himoglobin da ake haihuwar yaro da shi. Himoglobin shi ne furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Na jarirai, wanda likitoci ke kira HbF, yana hana na sikila curewa a cikin ƙwayar jini. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa sannu a hankali, a nan ne ciwon yake samun ƙofa.

Wannan furotin na HbF yana da amfani biyu. Ma'auni ne, domin yawansa a jinin majinyaci yana ba likita hasken yadda ciwon zai iya tsananta. Masu sikila a gabashin Saudiyya, da suke da shi da yawa, ciwonsu ya fi namu sauƙi tun suna yara. Kuma hanya ce ta magani. A 2008 masu bincike a ɗakin gwajin Stuart Orkin da ke Boston suka nuna cewa wani furotin, BCL11A, shi ne ke dakatar da yin HbF. Daga wannan bincike aka samar da Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023: a ciro ƙwayoyin da ke samar da jini, a gyara su ta yadda BCL11A zai yi rauni, a mayar wa mai su. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. A ƙasarmu da ake haihuwar yara masu sikila kusan 150,000 duk shekara, babu wanda zai ce mu zauna jiran wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne, akwai ƙwayar magani mai araha da ke ƙara HbF ɗin nan, wato haidroksiyuriya, wadda Amurka ta amince da ita ga manya masu sikila tun 1998, amma har yau yaranmu da yawa ba sa samun ta. Ba a ƙetare kaɗai aka gwada ta ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da na Barau Dikko a Kaduna, an bi lafiyar yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna kaɗan ne cikinsu abin ya sama, kuma ƙaramin awo na maganin ya yi aiki kusan daidai da matsakaici. Gombe ma ba daga farko za ta soma ba, domin cikin cibiyoyin sikila shida da gwamnatin tarayya ta kafa a shiyyoyin ƙasar nan, ta Arewa maso Gabas tana asibitin tarayya na Gombe, wanda yanzu ya zama na koyarwa.

Wasu iyaye kan ja da baya da zarar sun ji asalin haidroksiyuriya maganin cutar kansa ne. Tsoron nasu ba na banza ba ne: yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ba a sayen sa a kemis a sha kai-tsaye, sai da likita da awon jini a kai a kai. An kuma ji tsoron zai ƙara wa yara zazzabin cizon sauro, amma binciken REACH da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, aka buga a 2019, ya nuna zazzabin raguwa ya yi, haka ma tashin ciwo, ƙarin jini da mace-mace. Maza kuma suna da haƙƙin a gaya masu cewa yana iya rage ƙarfin maniyyi, su yanke shawara da saninsu.

Akwai masu cewa gwajin jini kafin aure ya wadatar. Gwajin dole ne, amma ba ya yi wa yaron da aka riga aka haifa komai. Wannan yaron yana bukatar a gano ciwonsa tun yana jariri, a auna HbF ɗinsa kafin fara magani da bayan an fara, a kuma sanya haidroksiyuriya da awon jininsa cikin inshorar lafiya ta jiha, don kada mahaifinsa ya katse maganin duk watan da kasuwa ta yi sanyi.