Maigida Mai Albashi, Zuciya Babu Daɗi: Mazan Amurka a Littattafan Bayan Yaƙi

A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta fitar da alƙaluman da ake ta yawo da su har yau: kashi 63 cikin ɗari na mazan Amurka 'yan ƙasa da shekara 30 sun ce ba su da mata ba su da budurwa, alhali a ɓangaren mata tsaransu kashi 34 ne kawai suka faɗi haka. Masu wa'azin mazantaka a intanet suka samu abin riƙewa, bidiyonsu kuwa har wayoyin samarinmu na Kano da Damagaram yake isowa. Maganarsu ɗaya ce: a koma shekarun 1950, zamanin da namiji ke fita da safe ya dawo da yamma ya tarar da tebur a shirye, matarsa na murmushi. Abin da ke ɓata min rai shi ne mazan wancan zamanin sun rubuta halin da suke ciki da hannunsu, kuma wanda ya karanta su ya san kallon kitse ake yi wa rogo.

Cikin shekara shida kacal aka buga littattafai uku da kamar mutum ɗaya suke zanawa. Sloan Wilson ya fito da The Man in the Gray Flannel Suit a 1955, John Updike ya biyo da Rabbit, Run a 1960, sai Richard Yates da Revolutionary Road a 1961. A kowanne akwai Bature matashi mai mata da 'ya'ya da aikin yi, babu yunwa babu ciwo, amma yana jin kamar an shaƙe shi. Masana zamantakewa ma a lokacin sun ji ƙaurin abin. William Whyte ya rubuta The Organization Man a 1956 kan ma'aikacin da kamfani ya haɗiye, a 1958 kuma Arthur Schlesinger ya buga maƙala a mujallar Esquire kan rikicin mazantaka a Amurka. Ke nan zamanin da ake ce mana a koma, shi ma kukan da ake yi yau yake yi.

Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne yaƙi, kuma ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Amurkawa kusan miliyan 16 suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu. J. D. Salinger, wanda ya sauka gaɓar Normandi a 1944, ya rubuta gajeren labari a 1948 na tsohon soja Seymour Glass, wanda ya yi wasa da wata 'yar ƙaramar yarinya a bakin teku, ya hau ɗakin otal ya harbe kansa kusa da matarsa tana barci. Tom Rath na littafin Wilson ya kashe mutum goma sha bakwai, har da amininsa da gurnetin da ya jefa ya halaka bisa kuskure. To amma Harry Angstrom na Updike bai taɓa shiga fagen fama ba, abin da yake kuka a kai shi ne tauraron ƙwallon kwando da ya kasance a sakandare, yanzu yana tallar abin feraye kayan miya. Frank Wheeler na Yates kuwa, lokacin da aka tura shi bakin daga ne yake tunawa a matsayin lokacin da ya fi jin yana raye. Ga irin waɗannan, yaƙi ma'auni ne da suke auna sauran rayuwarsu da shi, ta kasa cika mudu.

A ganina tushen abin yana cikin cinikin da ƙasar ta ƙulla da mazanta bayan 1945. Dokar tallafin tsofaffin sojoji ta 1944 ta biya musu kuɗin karatu, ta sauƙaƙa musu bashin gida. A Levittown da ke wajen New York an gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, kusan duk zubi ɗaya. Aure ya dawo da wuri, har a 1956 matsakaicin shekarun auren fari ya sauko wajen 22 ga namiji, 20 ga mace. Sharaɗin cinikin kuwa shi ne darajar namiji gaba ɗayanta ta rataya a kan albashinsa. Mu da muka san yadda ake auna maigida da kuɗin cefane ba ma buƙatar dogon bayani. Bambancin shi ne shi wancan an raba shi da dangi da unguwar da ya taso, an ajiye shi a gida mai ciyawa a gaba, babu majalisa babu abokin shawara, sai jirgin ƙasan da zai kai shi ofis ya juya takardun da shi kansa bai san amfaninsu ba. Kuma tun yana yaro an gaya masa shi na musamman ne.

Babu wanda ya tona wannan kamar Yates. Frank yana aiki a kamfanin Knox mai sayar da injunan ofis, kamfanin da mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a ciki, kullum yana yi wa aikin ba'a, yana nuna shi ya fi maƙwabtansa zurfin tunani. Sai matarsa April ta ɗauki maganarsa da gaske. Ta ce su sayar da gida su koma Paris, ita ta yi aikin sakatariya ta riƙe gidan, shi ya samu sararin gano abin da aka halicce shi domin yi. Daga nan hankalin Frank ya tashi. Idan aka cire masa ofis, babu sauran abin da zai ɗora wa laifi, kuma a ransa ya san babu wata baiwa da ke ɓoye tana jiran a buɗe mata ƙofa. Ga kuma zaman namijin da mace ke ciyarwa. Da aka yi masa tayin ƙarin girma, April kuma ta samu ciki na uku, sai ya rungumi cikin ya mai da shi hujjar fasa tafiya, har yana nuna mata ita ce mai matsalar ƙwaƙwalwa da ya kamata ta ga likita. April ta yi ƙoƙarin zubar da cikin da kanta a gida, jini ya ɓalle, ta mutu. Na karanta wannan littafi sau uku, kuma kowane karo abin da ya fi tsaya min a rai shi ne karin kumallon da ta haɗa masa a safiyar ranar, cikin ladabi da natsuwa, ya fita yana murna cewa an shirya.

A nan ya kamata mai sha'awar wancan zamani ya tsaya ya ƙirga wanda ya biya kuɗin baƙin cikin maigida. Harry ya gudu ya bar matarsa Janice da tsohon ciki, ya dawo, ya sake fita, ita kuma cikin maye jaririyarsu ta nutse a hannunta a bahon wanka. Tom Rath ya bar ɗa a Italiya wajen Maria, matar da ya zauna da ita lokacin yaƙi, sai bayan shekaru ya fara aika musu kuɗi, shi ma da yardar matarsa Betsy wadda ta haɗiye abin. Dean Moriarty na Jack Kerouac, a On the Road na 1957, yana zuba gudu a kan titi yana barin mata da 'ya'ya a kowane gefen ƙasa. Laifi tudu ne, kuma zamanin ya koya wa maza hango na mata: tun 1942 Philip Wylie yake zargin iyaye mata da lalata 'ya'yansu maza, mujallar Playboy da ta fito a 1953 ta zana aure a matsayin tarkon da mace ke ɗana wa aljihun namiji. Abin bai tsaya a takarda ba. Norman Mailer ya daɓa wa matarsa Adele Morales wuƙa a 1960, shekara biyar bayan haka ya buga An American Dream, inda gwarzon labarin ya shaƙe matarsa ya ji kamar an sake haihuwarsa.

Baƙar fata ba a ma gayyace su cinikin ba, domin Levittown ba ta sayar musu da gida. Shi ya sa yanke ƙaunar da ke cikin Invisible Man na Ralph Ellison, 1952, wani iri ne daban, na mutumin da ake dubawa ba a ganinsa.

Matan sun ba da amsa. A 1963 Betty Friedan da Sylvia Plath suka buɗe ɗakin daga ɗaya gefen da littattafansu, a 1969 jihar Kalifoniya ta halatta saki ba tare da an kafa laifi ba, kuma tsakanin 1960 da 1980 yawan saki a ƙasar ya ninka har ya wuce. Kafin Raymond Carver ya fitar da labaransa na 1981, mazan da yake zanawa sun rasa albashin da gidan duka, saura kwalba da shiru.

Masu suka suna cewa duk wannan adabi kukan masu son kai ne, kamar yadda David Foster Wallace ya caccaki Updike da Mailer da Philip Roth a 1997. Game da Mailer na yarda ba tare da jayayya ba. Yates kam bai ba Frank mafaka ko ɗaya ba, kuma bai rufe littafinsa da shi ba. Ya rufe da wani tsoho, Howard Givings, mijin dillaliyar da ta sayar wa su Frank gidan. Tana zaune tana zayyana masa aibun ma'auratan bayan mutuwar April, shi kuma ya kai hannu a hankali ya kashe na'urar ji da ke kunnensa.